Tarihin Kamun Kifi Mai Gemu A Hunturun Ingila

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya, zan kai ku bakin kogunan Ingila, mu ga yadda wata magana da aka gada kaka da kakanni ta rushe a hannun masu fatsa.

Akwai wani kifi da Turawa ke kira babel. Sunan ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin gemu, saboda gashin baki guda huɗu da yake da su, kamar dai na tarwaɗa, waɗanda yake laluben abinci da su a ƙasan ruwa. Asalinsa a Ingila kogunan da ke kwarara gabas ne, irin su Temis da Tirent. Sai a 1956 aka kwashi guda 509 daga kogin Kenet aka zuba a kogin Saban da ke yamma, suka hayayyafa.

Tun a 1496 wani littafin fatsa da ake danganta shi ga Juliana Berners ya gargaɗi mutane kan cin wannan kifi, kuma lallai ƙwansa na da guba. Izaak Walton ma ya yi bayaninsa a littafinsa na 1653. To in ba don ci ba, don me ake binsa? Don ƙarfinsa. Idan ya haɗiyi ƙugiya sai an yi kokawa kafin a kai shi gaɓa, kuma yau akasari mayar da shi ruwa ake yi bayan an auna.

A ƙarni na 19, masu fatsa a Temis kan zuba dubban tana a wuri guda kwana da kwanaki don tara kifin, amma da bazara da kaka kawai. Sanyi na shigowa sai a naɗe kaya, wai kifin ya kwanta barci sai baɗi. A 1878 kuma doka ta hana kamun irin waɗannan kifaye daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, lokacin saka ƙwai, kuma har yanzu tana aiki a koguna. Ka ga ke nan kwanakin farautarsa sun zama 'yan kaɗan.

Abin da ya sauya lamarin, a ganina, ƙaramin abu ne: ma'aunin zafi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 wasu masu naci suka riƙa auna ruwa suna rubutawa. Sai suka gano cewa kifin ba barci yake ba, jikinsa ne ke bin zafin ruwan. Idan iska ta taso daga tekun Atilantika da ruwan sama mai ɗumi, kogi ya cika ya yi jawur, zafinsa ya fara hawa, sai kifin ya fito kiwo. Idan kuwa narkakkiyar ƙanƙara ce ta cika kogin, zamanka a gida ya fi.

Daga nan dabarun hunturu suka samu. Ana neman inda ruwa ya lafa kusa da gaɓa ko bayan kurmi, a sa darma mai nauyi don kada igiyar ruwa ta ja ƙugiya, a saƙala abu mai ƙarfin wari kamar naman gwangwani, tunda a gurɓataccen ruwa da shinshina kifin ke nemo abinci. Ba a kuma zuba abinci da yawa, don cikinsa ba ya ɗauka a sanyi. An kuma lura kifin ya fi nauyi a ƙarshen hunturu. Wanda Aylmer Tryon ya kama a 1934 mai laba 14 da oza 6 ya daɗe yana cikin na gaba, amma a 2006 Grahame King ya fito da mai laba 21 da oza 1.

Ni dai abin da na tsinta shi ne, magabatan nan ba ƙarya suka yi ba, iyakar abin da suka gani suka faɗa. Wanda ya jure zama bakin kogi cikin ɗari yana aunawa, shi ya ga saura. Nawa ne cikin abubuwan da muke cewa "haka muka taras" ke jiran mai irin wannan haƙuri?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.