Daga Koto Zuwa Jitar Bes: Tarihin Sauti Biyar Na Jafanawa

A ƙarni na 17 an yi wani makaho a Jafan mai suna Yatsuhashi Kengyo, wanda aka haifa a 1614, ya rasu a birnin Kyoto a 1685. Kalmar Kengyo muƙami ce, ita ce daraja mafi girma a ƙungiyar makafi ta wancan zamani, wadda mafi yawan mambobinta kiɗa ko tausa ne sana'arsu. Abin kiɗansa shi ne koto, dogon katako mai tsirkiya 13, kowace tsirkiya da ɗan jakinta da ake gusarwa gaba ko baya don sauya amo. Kafin zamaninsa, koto abin fada ne da gidajen ibada. Yatsuhashi ne ya fito da shi zuwa ga mutanen gari, kuma a gare shi ake jingina wani sabon saiti na tsirkiyoyi mai suna hirajoshi.

Saitin hirajoshi sauti biyar ne kacal. Ga mai karatu da ya san sunayen do-re-mi, sautukan su ne La, Si, Do, Mi, Fa. Sirrinsa yana cikin tazarar da ke tsakaninsu: daga Si zuwa Do rabin taki ne, haka ma daga Mi zuwa Fa, sa'annan bayan kowanne sai doguwar tsallake. Kunnen Bahaushe ya saba da kiɗa mai sauti biyar, sai dai namu galibi ba shi da wannan rabin taki, shi ya sa hirajoshi kan zo mana da wani irin sanyi da kaɗaici.

Bayan juyin mulkin Meiji na 1868, gwamnati ta buɗe ƙofa ga ilimin Turai, har da kiɗansa. A 1879 aka kafa hukumar binciken kiɗa ƙarƙashin Isawa Shuji, kuma a 1880 aka gayyato wani malamin kiɗa daga Amurka, Luther Whiting Mason, don tsara waƙoƙin makarantu. Daga nan yara suka soma tashi da tsanin Turawa mai sauti bakwai. Masana na gida sai suka duƙufa wajen rubuta nasu kafin ya shuɗe. A 1895 Uehara Rokushiro ya raba kiɗan jama'a gida biyu: in, na birni, mai rabin taki, da yo, na karkara, marar shi. A 1958 Koizumi Fumio ya faɗaɗa wannan nazari, ya nuna cewa waƙar Jafanawa tana ginuwa ne a kan ƙananan gungu na sauti uku-uku.

Ita kuwa jitar bes mai lantarki baƙuwa ce. Kamfanin Fender na Amurka ya fitar da samfurinsa na Precision Bass a 1951. Ziyarar ƙungiyar The Ventures zuwa Jafan a 1965 ta sa samari suka ruɗe da jitar lantarki, har wasu makarantu suka hana ɗalibansu taɓa ta. A wannan yanayi ne Terauchi Takeshi ya ɗauko tsofaffin waƙoƙin karkara, ciki har da kiɗan shamisen na yankin Tsugaru, ya kaɗa su da ƙungiyarsa ta jitar lantarki. Daga baya Hosono Haruomi, makaɗin bes da ya jagoranci kafa Yellow Magic Orchestra a 1978, ya shigar da waƙar tsibirin Okinawa cikin faifansa, yankin da shi ma yake da nasa tsanin mai sauti biyar.

Hirajoshi yana zama cikin sauƙi a kan bes. Tsirkiyoyinta huɗu su ne Mi, La, Re, Sol. Makaɗi zai bugi La ba tare da dannawa ba, ya danna gaɓa ta 2 don Si da ta 3 don Do. Sai ya koma tsirkiyar Re, gaɓa ta 2 ta ba shi Mi, ta 3 ta ba shi Fa. Gaɓa ta 2 a tsirkiyar Sol ta mayar da shi La na sama. Yatsu biyu sun isa.

Amma akwai abin da kan salwanta a hanya. Gaɓoɓin ƙarfe na bes an jera su ne bisa ma'aunin Turawa, wanda ya raba tazara kashi 12 daidai wa daida. Makaɗin koto kuwa da kunnensa yake gusar da jaki, kuma sau da yawa yakan matse rabin takin fiye da na Turawa. Haka nan yakan danna tsirkiya ya lanƙwasa amo, ya kuma bar shiru tsakanin bugu da bugu, abin da Jafanawa ke kira ma, suna ƙirga shi cikin kiɗan. Saboda haka wasu makaɗa kan zaɓi bes marar gaɓoɓi, ko su ja tsirkiya da yatsa don kusantar asalin amon.

Wanda ya haddace sautukan biyar ya sami ƙofar shiga ne kawai. Sauran ilimin yana wurin sauraren masu koto da shamisen, waɗanda har yau suke karɓar kiɗan daga bakin malami zuwa kunnen almajiri, kamar yadda aka yi tun zamanin Yatsuhashi.