Zaitun Laperrine

Zaitun Laperrine, wanda masana ke kira Olea europaea laperrinei, zaitun daji ne da ke tsirowa a duwatsun Ahaggar na yankin Tamanrasset a kudancin Aljeriya. Ana kuma samun sa a duwatsun Ayar na Nijar da Jabal Marra a Sudan. Buzaye na kiran sa aleo. Sunan ya samo asali ne daga Janar Laperrine na Faransa, wanda ya rasu a Sahara a 1920.

Saboda ƙarancin ruwa da kiwon raƙuma da awaki, da wuya 'ya'yan bishiyar su tsiro. Mafi yawan lokaci tohuwa take yi daga gindi, har kututture ɗaya ya zama kurmi guda mai ƙwayoyin halitta iri ɗaya. Tohuwar na sa ta jure fari shekaru aru-aru, amma tana rage samun sabon iri ta hanyar fure.

Binciken da Baali-Cherif da Besnard suka wallafa a 2005 ya nuna cewa duk da haka akwai bambancin ƙwayoyin halitta mai yawa tsakanin bishiyoyin Ahaggar.