Tarihin Hanyar Tawa Zuwa Arlit

Ya kai mai karatu, ka san ɗakin ƙasa. In ba a yi masa yaɓe kafin damina ba, ruwa ya shiga tsaga, bango ya zube. Hanyar mota ma haka take. Tana da ƙuruciya, tana da tsufa. Ga labarin wata babbar hanya ta ƙasarmu Nijar.

A shekarar 1971 aka fara haƙar uraniyom a Arlit, can arewa cikin hamada. Kayan aiki daga bakin teku suke zuwa, uraniyom kuma can ake kai shi. Sai aka ga dole a yi hanya. A ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa kwalta daga Tawa, ta Abalak da Agadas, har Arlit. Tsawonta ya fi kilomita 600. Mutane suka sa mata suna hanyar uraniyom.

Masu gina hanya sukan yi mata lissafin shekara 15 zuwa 20. Shekarun farko tana sumul. Daga nan rana ta busar da kwalta, ta tsage. Ruwa ya bi tsagar, ya jiƙa ƙasar da ke ɗauke da ita. Mota ta taka, rami ya buɗe. In an toshe tsaga da wuri, kuɗi kaɗan ne. In an bari, sai an sake gini tun daga tushe.

Bayan 1980 farashin uraniyom ya faɗi, kuɗin gwamnati suka ragu. Gyara ya yi ƙaranci, manyan motoci kuwa ba su daina bi ba. Nauyinsu shi ne babban ciwo. A Amurka, tsakanin 1958 da 1960, an yi gwaji a kan hanyoyi. Aka gano in nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka wajen sau 16. Haka hanyar ta lalace, har direbobi suka riƙa barin kwalta suna bin gefe. Mai kai marar lafiya asibiti ya sha wuya, kuɗin mota suka hau.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1988 Bankin Duniya ya duba ƙasashe 85. Ya ce sun yi asarar hanyoyi na dalar Amurka miliyar 45, alhali gyaran miliyar 12 da ya tsare su.

An ɗauki darasi. A 1999 Nijar ta kafa asusun gyaran hanyoyi. A 2005 ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa suka ƙayyade nauyin da mota za ta ɗauka. A 2014 kamfanin Areva ya yarda ya ba da kusan sefa miliyar 59 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit.

To, ka gani, ranar da aka gina hanya ko gada, ranar ya kamata a tsara gyaranta: yaushe za a duba ta, yaushe za a sake mata kwalta, ina kuɗin za su fito.

Kai ma kana da naka aiki. Kada ka ɗebi ƙasar gini a gefen hanya. Kada ka zuba shara a magudanar ruwa ko ƙarƙashin kadarko. In ka ga tsaga, ka gaya wa mai gari ya sanar da hukuma. Ta wannan hanyar ce geronka da albasarka suke zuwa kasuwa.