Tarihin Sana'ar Waina a Shika, Samaru da Sabon Garin Zariya

Waina, wadda ake kuma kira masa, abinci ce da ake yi da ƙullu, wato hatsin da aka jiƙa aka markaɗa aka bar shi ya kwana har ya tashi, sa'an nan a toya shi a tanda, wato kaskon yumɓu ko na ƙarfe mai gurabe. Tashin ƙullun aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke cin zaƙin hatsin su fitar da iska da tsami, shi ya sa mai toyawa takan zuba ruwan kanwa domin ta rage tsamin. 

Shinkafa tsohuwar shuka ce a Afirka ta Yamma, domin manoman fadamun kogin Neja, a ƙasar Mali ta yau, sun noma irin tasu shekaru dubbai da suka shuɗe. Duk da haka, dawa da gero su ne cimar yau da kullum a ƙasar Zazzau, shinkafa kuwa ta kasance abincin Salla da biki da suna, saboda haka talaka ya fi sanin wainar gero da ta dawa, daga baya kuma ta masara, wainar shinkafa kuwa ta zama abin fita kunyar baƙo.

Sauyin wannan hali ya biyo bayan zuwan masu cin abinci da kuɗin albashi. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu kusa da tasha, ya cika da leburori da akawuna da fatake, waɗanda da yawansu ba su da iyali a kusa. An buɗe tashar binciken noma a Samaru a 1922, da gonar kiwo ta gwamnati a Shika a 1928, wadda ta zama Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa a 1976, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta kafu a 1962. Kowace daga cikinsu ta tara mutanen da ke fita aiki tun da sassafe, waɗanda suke buƙatar abin karyawa mai zafi, mai araha, mai riƙe ciki.

Matan aure ne suka amsa wannan buƙata daga cikin gidajensu, inda sukan toya tun da asuba, 'yan mata su ɗauki talla, wasu masu saye kuma su aiko yara da kwano. Binciken da wata mai bincike, Emmy Simmons, ta yi a farkon shekarun 1970 a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi ya nuna cewa sarrafa abinci don sayarwa babbar hanyar samun kuɗi ce ga matan karkarar Zariya, kuɗin da ke zama mallakarsu, dabam da na maigida.

Kayan aiki ma sun sauya, domin injin markaɗe ya sauke wahalar turmi da dutsen niƙa, yis na kanti ya taƙaita jiran ƙullu, shinkafa kuma ta yawaita a kasuwa tun zamanin arzikin man fetur na shekarun 1970, ko da yake gwamnati ta hana shigo da ta waje a 1985. Masu sana'ar dai sun fi son shinkafar tuwo ta gida, saboda ita ce ke yin ƙullu mai laushi, kuma wainarta ce a yau ake ci da miyar taushe ko yajin ƙuli a kasuwannin Samaru da Sabon Gari, har ta zama karin kumallon ɗalibi da direba da ma'aikaci.