Kaboyi da Ɗan Rikiɗa: Tarihin Finafinan Kyarkeci na Masu Ƙaramin Jari

Finafinan kaboyi da ɗan rikiɗa ƙaramin reshe ne na finafinan ban tsoro. A cikinsu ana ɗauko mutumin da ke zama kyarkeci idan wata ya kai daren sha huɗu, a jefa shi cikin duniyar kaboyi ta yammacin Amurka a ƙarni na 19: garin katako mai titi ɗaya, mashaya, karusar dawakai, da sherif mai tsaron gari da bindigarsa a ƙugu. Duk wanda ya taso da labaran mutanen da ke rikiɗa su zama kura da tsakar dare ya san irin wannan dodo. Bambancin kawai, na Turawa kyarkeci yake zama, a finafinai kuma cizonsa na yaɗa la'anar. Finafinan ba su da yawa, kusan dukkansu masu ƙaramin jari ne suka shirya su, amma yau sun haura shekara 100 ana yin su.

Fim ɗin da masana ke ɗauka a matsayin na farko a kan ɗan rikiɗa, a tarihin sinima gaba ɗaya, daga wannan reshe ya fito. Sunansa The Werewolf, ya fita a Disambar 1913, Henry MacRae ya ba da umarni, Ruth Ann Baldwin ta rubuta labarin. Kamfanin da ya yi shi, Bison, sana'arsa ke nan finafinan kaboyi da 'yan asalin Amurka, Universal kuma ta rarraba shi. Labarin wata mata ce 'yar ƙabilar Nabaho da ta zaci mijinta ya gudu ya bar ta, alhali kashe shi aka yi. Ta koma tsafi, ta raini 'yarta Watuma a kan ƙin Turawan da suka zo mamaye ƙasa, ita kuma 'yar ta riƙa zama kyarkeci tana ɗaukar fansa. Fim ne na bebe wanda bai kai minti 20 ba. Babu mai iya kallonsa a yau, domin ya ƙone a gobarar da ta tashi a ma'ajiyar Universal a 1924.

Dodon da duniya ta sani a yanzu daga baya aka ƙera shi, kuma nesa da ƙasar kaboyi. Werewolf of London na 1935 da The Wolf Man na 1941 sun mayar da shi Birtaniya, cikin hazo da tsofaffin gidajen sarauta. Curt Siodmak, marubucin na 1941, shi ya kafa yawancin dokokin da ake bi har yau, har da cewa azurfa ke kashe shi. Mai kwalliya Jack Pierce kuma yakan shafe awa biyar zuwa shida yana manna wa Lon Chaney Jr. gashi a fuska kafin a kunna kyamara. Wani abin dariya shi ne, tun 1933 wani jarumin kaboyi na rediyo, Lone Ranger, yake yawo da harsasan azurfa a matsayin tambarinsa. Makamin yana hannun kaboyi tun kafin dodon ya iso.

Akwai kuma tarihi na gaske da ya sa haɗin ya zauna. Makiyayan yammacin Amurka sun yi wa kyarkeci yaƙin ƙare dangi saboda shanunsu. Yankin Montana ya fara biyan lada a kan kowane kyarkeci da aka kashe a 1884, gwamnatin tarayya ta shiga aikin da kuɗinta a 1915, zuwa 1926 an gama da na gandun dajin Yellowstone, sai a 1995 aka dawo da su. Mafarauci mai tarko da guba, da gayyar mutanen gari masu bin sawun dabba, duk sanannun abubuwa ne a labaran kaboyi. Mai shirya fim ba ya buƙatar ƙirƙiro su.

Hakan ya fito fili a wani The Werewolf ɗin, na 1956, wanda Sam Katzman, sarkin tsumulmular Hollywood, ya shirya wa kamfanin Columbia. Daraktansa Fred F. Sears ya goge ne a finafinan kaboyi na Durango Kid, kuma da wannan hannun ya yi aikin. Labarin na zamani ne, da motoci da likitoci biyu da suka yi wa wani bawan Allah mai suna Duncan Marsh allurar jinin kyarkeci, amma ƙashin bayansa na kaboyi ne zalla: baƙo ya shigo ƙaramin garin kan dutse, an yi kisa a bayan mashaya, sherif ya tara gayya, an ɗana tarko, an bi shi daji. An ɗauki fim ɗin a kewayen tafkin Big Bear na Kalifoniya. Steven Ritch ya fito da Marsh a matsayin abin tausayi, magidanci mai mata da ɗa da bai san abin da ya same shi ba, harsashin dalma na yau da kullum kuma ya kashe shi. Cikin tsofaffin finafinan wannan reshe, shi ne wanda ya fi jure kallo.

A ƙarshen shekarun 1950 talabijin ta cika da kaboyi, shirye-shirye fiye da 20 a kowane mako, don haka garuruwan katako, dawakai da tufafi suna nan birjik a gonakin ɗaukar fim na kewayen Los Angeles, haya kawai za a biya. Masu ƙaramin jari suka fara zuba dodanni a ciki. Curse of the Undead na 1959 ya kawo ɗan bindiga mai shan jini. A 1966 William Beaudine ya yi Billy the Kid Versus Dracula da Jesse James Meets Frankenstein's Daughter, kowanne cikin kwana takwas. Kyarkeci ne aka tsallake, dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne. Mai shan jini alkyabba da haƙora biyu sun ishe shi. Ɗan rikiɗa yana son gashi, farata, awoyi a kujerar mai kwalliya, da dare mai farin wata, wanda haska shi ke cin kuɗi.

Meziko ce ta yi ta maza. El Charro de las Calaveras na Alfredo Salazar, wanda ya fito a 1965, labarin wani mahayi ne mai rufe fuska, da Dagoberto Rodríguez ya fito a matsayinsa, yana yawo a karkara yana karawa da dodanni uku ɗaya bayan ɗaya: ɗan rikiɗa, mai shan jini, da mahayin da ba shi da kai. An yanka shi kashi uku kamar yawancin finafinan arha na Meziko a wancan lokaci. Dodon fuskar roba ce a kan mutum mai riga da wando, kuma ana cewa dare ne alhali rana tana tsaka, inuwar kowa a ƙarƙashinsa. Da dambe ake fafatawa da shi. Masu son kallon finafinan da lalacewarsu ke ba da dariya sun riƙe shi hannu bibbiyu.

Shekarar 1981 ta ƙara tsananta lamarin. The Howling da An American Werewolf in London sun nuna wa 'yan kallo rikiɗa ƙiri-ƙiri, ƙashi na miƙewa, baki na tsawo, har Rick Baker ya karɓi kyautar Oscar ta kwalliya a kan na biyun. Daga nan fuskar roba ta daina tsorata kowa. Mai ƙaramin jari ya zama yana da zaɓi biyu: ya ɓoye dodon, ko ya nuna shi a yi masa dariya.

Mad at the Moon na 1992 ya zaɓi ɓoyewa, ya kuma yi hakan da dabara. Martin Donovan, ɗan asalin Ajantina, ya ba da labarin wata budurwa, wadda Mary Stuart Masterson ta taka, da ta auri manomi mai kunya alhali zuciyarta na wajen wani ɗan iskan gari. Sai da wata ya cika ta gane abin da ta aura. Yawancin tsoron daga cikin ɗaki ake jin sa, ita a kulle, shi a waje yana kuka yana dukan bango. Labarin ya yi kama ƙwarai da wani gajeren labari na marubucin Italiya Luigi Pirandello a kan ciwon wata. Masu neman jini sun ce ba abin da ya faru a ciki, amma fim ne da ya san iyakar aljihunsa.

Na 1995 kuwa, The Howling: New Moon Rising, labarin yadda aka yi shi ya fi shi kansa daɗi. Clive Turner ne ya rubuta, ya shirya, ya ba da umarni, ya kuma fito jarumi. Ya ɗauke shi a Pioneertown, garin da 'yan fim irin su Roy Rogers da Gene Autry suka sa hannu aka kafa a hamadar Kalifoniya a 1946 domin ɗaukar finafinan kaboyi, daga baya mutane suka zauna a ciki dindindin. Turner bai wahalar da kansa neman 'yan wasa ba. Mazauna garin ya tara, suka fito da sunayensu na gaskiya, har da masu mashayar Pappy and Harriet's. Sakamakon shi ne mintoci masu yawa na kiɗan karkarar Amurka, rawar sahu da barkwancin mashaya, sai guntayen hotuna da aka yanko daga finafinan Howling uku da suka gabata domin cike gurbi. Idan dodon zai kai hari, jan launi ake sa wa hoton a ce ga abin da idonsa ke gani. Sai dab da ƙarshe yake bayyana, na 'yan daƙiƙoƙi. Shi ne na bakwai a jerin, ya tafi kai tsaye kaset ɗin bidiyo, kuma sunansa ba ya ɓacewa a jerin finafinai mafiya muni.

Kanada ta yi abin da ya fi wannan mutunci. Ginger Snaps Back na 2004 ya mayar da jarumansa Katharine Isabelle da Emily Perkins shekarar 1815, cikin wani sansanin 'yan kasuwar fatu da kyarketai suka yi wa ƙawanya a tsakiyar hunturu. An samu sauƙi ne ta hanyar ɗaukarsa a jere da kashi na biyu na jerin Ginger Snaps, a sansanin tarihi da aka sake ginawa a birnin Edmonton. A wajen sinima ma reshen ya yi ganye: wasan tebur na Werewolf: The Wild West a 1997, da littafin zane na High Moon na David Gallaher da Steve Ellis, wanda ya fara fita a intanet a 2007 ya kuma ci kyautar Harvey a 2009. Takarda ba ta cajin kuɗin gashi, don haka dodannin can sun fi na fim girma da kyau.

Blood Moon na 2014 ya nuna inda sana'ar ta kai. Labarin a Kolorado yake a 1887: fasinjojin karusa da wani ɗan bindiga mai suna Calhoun, wanda Shaun Dooley ya taka, sun faɗa hannun 'yan fashin banki biyu a wani garin da kowa ya watse, ga kuma dodo a waje. Amma daraktansa Jeremy Wooding bai taka Amurka ba. A gundumar Kent ta Ingila ya ɗauke shi, a wani garin katako mai suna Laredo da masu sha'awar rayuwar kaboyi suka gina da hannunsu, 'yan wasan kuma yawancinsu Turawan Birtaniya ne da suka aro harshen Amurkawa. Mutum ne a cikin rigar gashi, duhu da hazo suka rufa masa asiri. High Moon na 2019, wanda ba shi da alaƙa da littafin zanen, ya gudu daga tsadar tufafin dā ta wata hanyar: ya tayar da ɗan bindigar daga kabari a wannan zamani ya haɗa shi da kyarketai masu hawa babur.

Wani abu ɗaya bai canja ba tun 1913, shi ne ɗora wa Nabaho laifin dodon. Werewolf na 1996, wanda aka kafa labarinsa a Arizona, da Blood Moon, duk sun jingina da imanin Nabaho a kan mayun da ke shiga fatar dabba. A wurin Nabaho wannan magana ce mai nauyi da ba a son yi da baƙo, kuma ba ruwanta da cizo, farin wata ko azurfa. Waɗannan duk kayan Hollywood ne. Mutanen da sojojin Amurka suka kora a ƙafa daga ƙasarsu zuwa Bosque Redondo a 1864, ba su koma gida ba sai 1868, su ne ake mayarwa tushen tsoro a labarin da mamayarsu ta haifa. Fim ɗin 1913 ya fi jikokinsa gaskiya a nan, domin ya ba Watuma dalilin fushinta.

Manyan kamfanoni kuwa sun ɗanɗana sun tofar. The Wolfman na 2010 ya ci kusan dala miliyan 150 bai mayar da su ba, Jonah Hex ya faɗi a wannan shekarar, Cowboys & Aliens na 2011 da ya ci dala miliyan 163 da ƙyar ya tsira da uwar kuɗinsa. Bone Tomahawk na 2015, kaboyi mai ban tsoro da ba kyarkeci a ciki, an yi shi da ƙasa da dala miliyan 2 cikin kwana 21, ya kuma samu yabon da waɗancan suka rasa. Har yanzu babu wani babban kamfanin Hollywood da ya zuba manyan kuɗi a fim ɗin kaboyi da ɗan rikiɗa. Mai son ya fara kallo, ya fara da na 1956 da Ginger Snaps Back, ya ajiye na Pioneertown sai ranar da yake neman dariya.