Mu'ujiza a Idon Kiristocin Zamfara: Daga Ɗakin Shan Magani zuwa Hanyar Tsafe

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da Kiristocin Gusau, Tsafe da Bungudu ke ɗauka mu'ujiza a rayuwar yau da kullum. Hujjarta ita ce wannan fahimta ta tsiro ne a gefen aikin magani, kuma rashin tsaro ya ɗora mata nauyin da ya kamata shugabannin coci su yi hattara da shi.

Tushen tarihi

Kiristanci ya shigo wannan yanki ta hanya biyu. Ta farko ita ce jirgin ƙasa, wanda ya iso Gusau ɗauke da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Ta biyu ita ce magani. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi, sai a ƙarshen shekarun 1930 aka bar ƙungiyar mishan ta SIM ta kula da masu cutar kuturta a wurare irin su Amanawa kusa da Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina. Shobana Shankar, a littafinta na 2014, ta nuna yadda waɗannan sansanoni suka zama mafarin Kiristanci a tsakanin Hausawa da dama.

A nan ne ya kamata a tsaya. Mutumin da aka ware masa ƙwarya a gidan ubansa, aka daina gaisawa da shi hannu da hannu, ya zo ya tarar ana wanke masa gyambo ana karanta masa labarin Na'aman da na kutare goma da Yesu ya warkar, cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932. Da maganin dafson ya yaɗu a shekarun 1950, aka soma sallamar mutane su koma gida. Wanda ya ga haka bai raba ƙwayar magani da ikon Allah ba. A wurinsa likita sanadi ne, mai warkarwa Allah ne, kuma maƙwabcinsa Musulmi ma haka zai ce.

Ma'auni uku

Cocin ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, ta gaji wannan hali daga SIM: addu'a da asibiti tare. Katolika, waɗanda limaman Dominikan daga Amurka suka ƙarfafa aikinsu a Gusau a shekarun 1950, sun fi kowa tsauri wajen hukunci kan mu'ujiza. A Lurdes, wurin ziyarar Katolika a Faransa, cikin rahoton waraka fiye da 7,000, kimanin 70 kaɗai coci ta amince da su. Coci-cocin Fentikos kuwa, da suka bunƙasa daga shekarun 1970, sun mai da waraka abin shela a fili, kuma rikicin Kano na Oktoban 1991 kan taron mai wa'azi Reinhard Bonnke ya nuna irin haɗarin wannan salo a Arewa.

Sai dai a bakin mabiya bambancin bai kai haka ba. A lokacin ba da shaida ranar Lahadi, ko a taron Zumuntar Mata, abin da ake tashi a faɗa shi ne haihuwa lafiya, yaro ya tashi daga zazzaɓi, an samu kuɗin makaranta a ranar ƙarshe.

Shaida a zamanin 'yan bindiga

Yanzu an samu ƙari. Wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ya sauka Funtuwa lafiya, ko manomin Bungudu da ya kai amfaninsa gida ba a tare shi ba, ko wanda ya dawo daga daji bayan an yi garkuwa da shi, duk "Allah ya yi mini" suke cewa. Ba daidai ba ne mai bincike ya raina wannan magana, domin da ita mutumin da aka wulaƙanta ke maido da mutuncinsa, ya ce ba a manta da shi ba.

Amma akwai abin da shaidar ke iya rufewa. Sau da yawa an sayar da gona ko shanu, dangi da 'yan coci sun yi karo-karo, wani lokaci har da maƙwabta Musulmi, kafin a haɗa kuɗin fansa. In aka ce mu'ujiza ce kawai aka yi shiru, an shafe sadaukarwar waɗannan mutane, an kuma sauke wa hukuma nauyin da ke wuyanta. Ga kuma matar da mijinta bai dawo ba, tana zaune a benci ɗaya tana jin ana tafi. Koyarwar da ta bar ta tana zargin ƙarancin bangaskiyarta ta kauce wa Littafin da ya ɗauki labarin Ayuba.

Saboda haka muna kira ga fastoci da limaman coci na Zamfara: in za a ba da shaidar wanda ya kuɓuta, a ambaci waɗanda suka yi ɗawainiyarsa, a kuma kira sunayen waɗanda har yanzu ke hannun 'yan bindiga a yi musu addu'a a zama ɗaya.