Kiwon Kaji da Dabbobi a Ƙasar Zuru: Hanyoyin Kare Su Daga Namun Daji

Gabatarwa

Masarautar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, kuma tana ɗaya daga cikin masarautu huɗu na jihar, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da ita Zuru. Ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, waɗanda su ne Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba, tana kuma iyaka da jihohin Zamfara da Neja. Ƙasa ce mai duwatsu da tuddai da ƙoramu, wadda ta fi arewacin jihar samun ruwan sama da duhuwar itatuwa. Mazaunanta, waɗanda suka haɗa da Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, yawancinsu manoma ne masu haɗa noma da kiwo.

A wurin ƙaramin manomi, kaza da zabuwa da akuya su ne asusun gida. Da su ake biyan kuɗin makaranta da na asibiti, da su ake sayen taki idan damina ta kama, kuma akasarinsu mallakar mata ne. Saboda haka ɓarnar da naman daji zai yi a dare guda tana iya rusa tanadin shekara. Wannan bayani an tsara shi ne domin masu kiwo da shugabannin al'umma da jami'an ƙananan hukumomi.

Namun dajin da ke yin ɓarna

Manyan namun daji sun yi ƙaranci ƙwarai sakamakon farauta da sare dazuzzuka da faɗaɗar gonaki. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2014 ya nuna cewa a wurare biyu kaɗai zaki ya saura a Nijeriya, wato gandun dajin Tafkin Kainji da na Yankari a Jihar Bauchi. Damisa da kura su ma sun ja baya zuwa manyan dazuzzuka da kogunan duwatsu, don haka ƙauyukan da ke bakin daji ne ya fi kamata su yi shiri dominsu. Ɓarnar yau da kullum kuwa ƙananan dabbobi da tsuntsaye ne ke yin ta. Ana iya kasa su gida uku:

1. Masu kai hari daga sama da rana: shirwa da shaho da hankaka, waɗanda ke ɗaukar 'yan tsaki da ƙwai.
2. Masu shiga akurki: muzuru da tunku da inyawara da gafiya da ɓera da guza da macizai irin su mesa da kumurci.
3. Masu kama awaki da tumaki da maruƙa: dila da kura da karnukan da ba su da mai kula da su. A mashaya da bakin gulbi akwai kuma haɗarin kada.

Yadda ake gane mai laifi

Ba kowace asara ce ta naman daji ba. Sau da yawa dabba kan mutu da cuta, sa'an nan kura ko kare su zo su ci mushen, a ɗora musu alhakin kisa. Idan aka feɗe fatar wurin cizo aka ga jini ya taru a ƙarƙashinta, to da ranta aka kama ta. Idan babu taruwar jini, ta riga ta mutu kafin a ci namanta, kuma likitan dabbobi ya kamata a nema. Sauran alamomin su ne:

- Kura tana jan abin da ta kama zuwa nesa, tana farfasa manyan ƙasusuwa, kuma kashinta kan koma fari idan ya bushe.
- Damisa a maƙogwaro take kamu, takan ɓoye nama a duhuwa ko a kan itace, kuma ba a ganin farce a sawunta.
- Dila ya fi kama 'yan awaki da 'yan tumaki, yana cin kayan ciki da tsoka, ya bar manyan ƙasusuwa.
- Karnuka kan raunata dabbobi da yawa a lokaci guda, suna cizo a cinya da ƙafafu da kunne, galibi ba tare da sun ci wani abin kirki ba.
- Tunku da inyawara kan kashe kaji da yawa a dare ɗaya, da cizo a wuya ko a kai.
- Mesa tana haɗiye kaza ɗungurungum, ba ta barin jini ko gashi.

Idan kuwa dabbobi suka ɓace ba jini ba alamar ja, aka tarar an yanke igiya ko an buɗe ƙofa, wannan aikin ɓarayi ne. Satar shanu ta addabi sassan masarautar, musamman yankunan Danko-Wasagu da Sakaba, kuma jami'an tsaro ake kai wa irin wannan rahoto.

Kare kaji da zabi

Makwanci shi ne tushen kariya. Kajin da ke kwana a kan itace ko bayan ɗaki, abinci ne aka ajiye wa muzuru. Ya kamata akurki ya cika waɗannan sharuɗɗa:

1. A ɗaga shi daga ƙasa kimanin mita 1 a kan dirkoki, a naɗa wa kowace dirka guntun kwano mai santsi domin hana ɓera da maciji hawa. Idan na laka ne a ƙasa, a yi masa daɓe mai ƙarfi, a riƙa liƙe duk wata tsaga da ta bayyana.
2. A rufe tagogin shan iska da wayar raga mai ƙananan idanu, waɗanda yatsa ba ya shiga.
3. A sa ƙofa mai sakata. Jingina dutse ko faifai a bakin akurki ba ya hana tunku shiga.
4. A rufe kaji kafin magariba, kada a buɗe su sai gari ya waye sosai.
5. A share ciyawa da tarin itace da karmami daga kewayen akurki, domin nan ne maɓoyar macizai da gafiya.

Kaza tana ƙyanƙyasa bayan kwana 21, zabuwa kuwa bayan kwana 26 zuwa 28. Makonni shida na farko su ne suka fi haɗari ga 'yan tsaki, domin a lokacin ne shirwa ke kwashe su. A kife su da uwarsu da babban kwando a inuwa, a ba su tsaki da dusa da ruwa mai tsabta, a riƙa gusar da kwandon kowace rana. A kwashe ƙwai kullum, kuma kada a bar ragowar hatsi ya kwana a fili, domin hatsi yana jawo ɓera, ɓera kuma yana jawo maciji.

Har ila yau, wajibi ne a tuna cewa annobar Niyukasil, wadda ta fi tsananta lokacin hunturu, tana iya share kajin gari guda cikin 'yan kwanaki. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa rigakafinta. A tuntuɓi malamin dabbobi kafin shigowar sanyi.

Kare awaki da tumaki da shanu

Ɗaure dabba a turke a wajen gida da dare, tamkar ba kura ajiyar nama ne, domin igiya ta hana ta gudu. A gina makwanci kusa da ɗakin kwana yadda za a ji motsi, da katanga ko shinge mai tsawon kimanin mita 2. Idan waya aka yi amfani da ita, a binne gindinta aƙalla santimita 30, ko a jera manyan duwatsu a gindin, saboda dila da kura suna tona. Wanda ba shi da halin waya, ya yi shingen ƙaya mai kauri, ya dasa aguwa ko bini-da-zugu a jikinsa domin ya zama shinge mai rai wanda gara ba ta ci. Shinge mai duhu ya fi, domin idan dabbobi suka hango naman daji sukan firgita su ɓalle da kansu. Ƙofa ita ce mafi raunin wuri, don haka a yi ta da katako ko kwano.

Akuya da tunkiya suna ɗaukar ciki kimanin wata 5. A tsare masu tsohon ciki da masu jego a gida, a ba su harawa da dusa har 'ya'yan su yi ƙwari. A fita kiwo bayan rana ta ɗaga, a dawo kafin faɗuwarta, a ƙirga dabbobi safe da yamma. Da damina, lokacin da ciyawa da dawa suka yi tsawo, kada a bar wa ƙananan yara kiwo su kaɗai a gefen daji. Mushe da mahaifar dabba da ragowar yanka, a binne su da zurfi nesa da garke.

Wasu ƙasashen Afirka sun gwada dabarun da za a iya koyi da su. A Kenya, wani yaro makiyayi mai suna Richard Turere ya ƙirƙiro fitilu masu walƙiya bi da bi a kewayen garke, waɗanda ke sa zaki ya zaci mutum ne ke zagayawa da tocila. A Namibiya kuwa, tun shekarar 1994 ake raba wa makiyaya karnukan gadi da ake renon su cikin awaki tun suna 'yan kwikwiyo. Kowane kare da za a ajiye, a ciyar da shi yadda ya kamata, a kuma yi masa allurar rigakafin ciwon hauka kowace shekara. Wanda kare ko dila ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya a rayu.

Abubuwan da ya kamata a guje wa

Sa wa mushe guba babban kuskure ne. Gubar ba ta zaɓe: tana kashe karnukan gida da ungulu, tana shiga ruwan ƙorama, tana kuma iya kaiwa ga yara. A shekarar 2015 aka sanya ungulun da muka sani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Darasin Indiya ya isa misali: daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka kusa ƙarewa saboda wani maganin shanu da ke saura a jikin mushe, mushe ya yawaita, karnukan banza suka ƙaru, haɗarin ciwon hauka ya ƙaru tare da su. A 2006 aka haramta bai wa dabbobi wannan magani.

Ƙona daji domin korar namun daji shi ma yana cinye abincin dabbobi da amfanin gonar da ba a kwashe ba. Tarkon ƙarfe kuwa yakan kama akuya ko ƙafar yaro. Bugu da ƙari, dokar tarayya ta kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka kafa a 1985 aka kuma ƙara tsananta tararta a 2016, ta hana farauta da cinikin dabbobi irin su zaki da damisa.

Nauyin da ke kan shugabanni da jami'ai

Idan an yi ɓarna, mai dabba ya sanar da mai unguwa ko dagaci ko arɗo nan take, kada a tattake sawu, a ɗauki hoto da wayar hannu idan da hali. Shugabanni su isar da labari ga sashen noma na ƙaramar hukuma da ma'aikatan gandun daji. Jami'ai su riƙa rubuta rana da wuri da irin dabbar da adadinta, domin da wannan lissafi ne za a san ƙauyuka da watannin da matsalar ta fi ƙamari. Malaman gona su kafa akurki da garke na gwaji inda jama'a za su gani da idonsu, a kuma nemi shawarar masana na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020.

Kammalawa

Naman daji yana bin inda ya samu sauƙi ne. Idan gida ɗaya ya gyara shingensa, ɓarnar takan koma gidan maƙwabci, don haka aikin gayya ya fi dacewa. Ana kira ga mazauna kowace unguwa da su haɗa hannu su gyara akurki da garke tun da rani, kafin ayyukan gona su kankama, domin rigakafi ya fi magani.